Wa Ke Danna Ɗaya?

Shafi na 14

Na Maman Nabil

Da sunan Allah. Masu bina har akwatin saƙo kuna cewa na bar Raliya a bakin get kwana uku rana tana dukanta, na ji, kuma na amsa laifina. Wayata ce ta faɗa bahon wanki, sai da ta kwana biyu a cikin buhun shinkafa kafin ta farfaɗo. Ku gyara zama.

*

Sau uku Raliya ta ƙwanƙwasa get ɗin kafin 'yar tagar da ke jikinsa ta buɗe, ido ɗaya ya leƙo.

Shekararta goma sha ɗaya tana aikin bi gida-gida duba masu ciki. Daga Gama zuwa Gawuna babu lungun da takalminta bai san kwatarsa ba. Amma Nassarawa GRA ba ta cikin takardarta. A ofis cewa aka yi mutanen can kowa da likitansa, me za a je a yi musu? An manta cewa a bayan kowane katafaren gida akwai wasu ɗakuna biyu masu rufin kwano, kuma a cikinsu ma ana ɗaukar ciki.

A irin wannan ɗaki Talatu take, matar Ashiru mai gadi. Wata uku da suka wuce Raliya ta gan ta a gidan suna a Gama, yarinya tana ta jan hijabi tana rufe abin da ba ya rufuwa. Cikin fari ne. Da ƙyar da lallashi ta yarda aka rubuta sunanta a shirin waya na asibitinsu. Duk Laraba da sha biyun rana wata murya take kira ta tambayi jikin mai ciki. In lafiya, a danna ɗaya. In da matsala, a danna biyu, nan take a haɗa mutum da nas. Talatu ba ta da waya, sai ta ba da lambar mijinta.

Sati goma sha ɗaya a jere, ɗaya ake dannawa.

Wannan ɗayan ne ya hana Raliya sukuni. Ita kanta ta haifi huɗu, matan da ta raka ɗakin haihuwa kuwa ba sa ƙirguwa, amma ba ta taɓa ganin cikin da zai yi wata uku ko ciwon baya bai kawo ƙara ba. Ga shi awo biyu ke nan ba a ga ƙeyar Talatu ba. Shi ya sa ta zaɓi Laraba, ta tari adaidaita sahu tun sha ɗaya, don ta ga da idonta yatsan wa ke danna ɗayan nan.

Mai idon ya ce masu gidan sun yi tafiya, kuma an hana shi shigo da baƙi.

"Ba wajen masu gida na zo ba, Malam Ashiru. Wajen matarka na zo. Daga asibiti."

Idon ya kauce daga kanta ya koma tsallaken titi, inda direbobi biyu da wani mai gadi suke zaune a benci ƙarƙashin darbejiya, sun rage muryar rediyo suna kallo. Kafin ta sake buɗe baki ya zare sakatar ƙaramar ƙofa, yana yi mata alama da hannu ta shigo da sauri. Ba don ya gamsu ba. Gudu yake kada ta ƙara cewa "matarka" a gaban maza.

Suka wuce motoci uku da aka lulluɓe da tamfol, suka wuce ciyawar da ake ba ruwa safe da yamma, suka zagaya baya. A nan Raliya ta ga abin da ya sa gabanta ya faɗi tun kafin ta ga mai cikin.

Kaya ne a ɗaure a ƙofar ɗaki. Jakar bakko biyu, ƙunshin kwanuka, da wata jarka fara cike da baƙin ruwa, saiwoyi suna yawo a ciki. Gefe guda kuma wata tsohuwa ce a kan tabarma, ta miƙe ƙafa tana fifita da maficin kaba.

Ashiru ya durƙusa tun daga nesa, kansa a ƙasa. Ya ce wannan ita ce Gwaggo, ƙanwar mahaifin "ita ɗin", kuma ita ta raine ta tun tana jinjira. Jiya ta iso daga ƙauyensu can bayan Gagarawa.

Raliya ta cire takalmi ta gaishe ta kamar yadda ya kamata, gaisuwa mai tsawo, har da tambayar damina da mutan gida. Gwaggo ta amsa tana ƙare wa jakar aikinta kallo. Ba sai an tambaye ta ba ta faɗi abin da ya kawo ta: goyon ciki. Ya kamata tun cikin yana wata bakwai a zo a tafi da yarinya gida, aikin gona ya riƙe su, daga shi sai girbin gero. Yanzu ga shi ya shiga na tara. Wani ɗan garinsu mai Golf zai biyo ya ɗauke su kafin ya je lodi a Yankaba, ya ce bayan azahar, in ya sami dama ma kafin nan.

Raliya ta tambayi nisan hanya.

Awa huɗu, in ji Gwaggo, in mota ba ta yi gardama ba. Awar ƙarshe babu kwalta.

Asibiti fa?

Gwaggo ta yi dariya ta ce akwai, in an tsallake fadama da amalanke.

Sai labule ya motsa.

Raliya ta san fuskar Talatu. Siririya ce mai dogon hanci. Wadda ta fito yanzu hancin ya nutse tsakanin kumatu, idanun sun zama 'yan tsito. Silifas ɗin Ashiru ne a ƙafarta, shi ma ƙafar ta cika shi ta tumbatsa. Zoben azurfar da ke yatsanta ya shige cikin nama. Ta dafa dogarin ƙofa ta tsaya jim, kamar mai sauraren wani abu daga nesa, sannan ta saki numfashi ta durƙusa da ƙyar.

"Talatu, ya jikin?"

"Lafiya lau."

"Kanki ba ya ciwo?"

Ta saci kallon Gwaggo, ta saci kallon mijinta, ta sunkuyar da kai.

"Lafiya lau, Sista."

Gwaggo ta karɓe zancen. Ta ce kumburin nan ba wani abu ba ne, zaƙi ne ya yi mata yawa. Yaran da aka kawo birni ba su da aiki sai shan rake da lemon kwalba. Ga magani nan ta jiƙo tun daga gida, kwana uku yarinya za ta yi tana sha ta saɓe kamar an cire toshiya.

Raliya ta nemi a ba ta izini ta shiga ɗaki ta duba cikin. Gwaggo ta ce a'a. Cikin fari ba a ɗora masa baƙon hannu, balle ranar tafiya.

"To hannunta fa, Gwaggo? Damtse kawai."

Tsohuwar ta auna maganar, ta ga babu inda za ta kama.

"Hannu dai ai kowa na ganinsa. Auna."

Raliya ta naɗa abin awon jini a damtsen Talatu. Ya matse, ya saki. Ta kalli lambobin. Ta ce a ranta ƙila tafiyar da yarinyar ta yi daga ɗaki ce. Ta jira minti biyar tana yi wa Gwaggo hirar farashin gero, sannan ta sauya hannu ta sake aunawa.

Ɗari da saba'in a kan ɗari da goma sha biyu.

Tsoro ya kama ta, tsoro na gaske. Ta san inda wannan lambar take kai mace. Ta kuma san abin da awa huɗu a cikin Golf za ta ƙara mata.

Ta naɗe igiyar abin awon a hankali.

"Gwaggo, yarinyar nan ba za ta yi tafiya yau ba. Jininta ya hau ƙwarai. Asibiti za mu kai ta, yanzu."

Maficin bai tsaya ba.

"'Yar nan, shekarunki nawa?"

"Talatin da takwas."

"To kafin a haife ki nake karɓar haihuwa. Rabin garinmu a hannuna suka faɗo. Ita kanta wannan da kike gani, ni na yanke mata cibi." Ta nuna abin awon da leɓe. "Yau kuma wani ɗan akwati ne zai gaya mini yadda ake goyon ciki?"

Raliya ta daɗe da sanin cewa ba a cin tsohuwa da gardama. In ka kayar da ita a baki, za ta tashi ta kayar da kai a aikace, ta ɗauki 'yarta ta shiga mota kana tsaye. Don haka ta haɗiye amsar da ta zo mata, ta juya wajen da ta fi ganin laushi.

"Malam Ashiru, ina wayar?"

Ya zaro ta daga aljihun gaba, 'yar rakani-kashi ce da aka ɗaure bayanta da kyauro.

"Duk Laraba ana kiranka?"

"Ana kira."

"Wa ke ɗauka?"

"Ni."

"Ka taɓa kai mata ta ji?"

Ya girgiza kai.

"Malam Ashiru, sati goma sha ɗaya kana gaya wa asibiti lafiyarta ƙalau. Dubi ƙafarta. Dubi fuskarta. Me ya sa?"

Ta zaci zai yi ƙarya. Bai yi ba, kuma gara ma a ce ƙaryar ya yi, da ta san inda za ta sauke fushinta.

Yana wasa da ƙasa da ɗan yatsa ya yi bayani. Ya ce sha biyun rana yana bakin get, lokacin da direbobi ke taruwa a benci. Ranar farko da aka kira ya ɗauka a gabansu, sai muryar mace ta fito tana ambaton mai ciki. Sati guda suka yi suna tsokanarsa. Tun daga nan da ya ji sallamar sai ya danna ɗaya ya mayar aljihu. Matar cikin wayar ce da kanta ta ce ɗaya shi ne lafiya.

"Amma ka san lafiyar ce?"

Ya ɗago a karo na farko, da idon mutumin da ake zarginsa da abin da bai yi ba.

"Wallahi kullum sai na tambaye ta, Sista. Kullum da safe. In ce kin tashi lafiya, ta ce lafiya lau. To ni ma in an tambaye ni sai in ce me? Mutum ya gaishe ka ka ce masa ba lafiya?"



Raliya ta rasa dariya za ta yi ko kuka. Miji ya gaida mata, mata ta ce lafiya lau, don cikin fari ne, kunya ba za ta bar ta ta ambace shi ba. Waya ta gaida miji, miji ya ce lafiya lau, don ba a mayar da gaisuwa da ƙorafi. Can a asibiti kuma na'ura tana ta zuba wa sunan Talatu koren tambari, sati bayan sati, kowa hankalinsa a kwance. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Har da ita Raliya a cikin masu laifin, ita da ta karɓi lambar namiji ba ta tambayi a ina yake zama da sha biyun rana ba.

Awon da aka fasa kuwa, Ashiru ya ce shi ba ya iya barin get tunda masu gida ba sa nan, ita kuma takalminta ya daina shiga, ta ce ba za ta ratsa gaban benci da silifas ɗin miji ba.

Talatu tana jingine da bango duk wannan lokacin. Raliya ta ga ta damƙe gefen tabarma, gumi ya tsattsafo a saman leɓenta, can kuma ta saki. Ciwon kan ne, in ji Raliya a ranta, ta ƙara jin lokaci yana ƙure mata.

Ta duba agogo. Saura minti biyu.

"Gwaggo, na ji ba ki yarda da akwatina ba, kuma ban ga laifinki ba, yau kika fara ganina. Abu ɗaya nake roƙo. Yanzu za a kira wayar nan. Ki saurara har ƙarshe. In kin gama ji kika ce tafiya, ni zan ɗaukar miki jaka zuwa mota."

Ta faɗa ne kawai, ba ta san me za ta yi ba in tsohuwar ta ce tafiya.

Gwaggo ta taɓe baki. Ta ce kunne ai ba ya ƙin ji.

Wayar ta yi ƙara.

Babban yatsan Ashiru ya tafi da kansa wajen da ya saba. Raliya ta riƙe masa hannun riga.

"Kada ka taɓa. Buɗe muryar kowa ya ji."

Ya ajiye ta a tsakiyar tabarma. Muryar mace ta fito, a natse, da Hausa mai daɗi. Ta yi sallama, ta tambayi mai ciki da jiki, ta ce in lafiya a danna ɗaya. Iyakar abin da Ashiru ya taɓa ji ke nan a wata uku.

Sai ta ci gaba.

"Idan fuska ko hannuwa sun kumbura. Idan akwai ciwon kai mai tsanani da ba ya sauka. Idan ido yana ganin dishi-dishi, ko walƙiya kamar taurari. Idan akwai ciwo a ƙarƙashin haƙarƙari ta dama. A danna biyu, kada a jira. Waɗannan alamu suna iya kawo jijjiga, mai ciki ta faɗi tana taune harshe. Akwai magani idan an zo da wuri."

Mafici ya tsaya.

Muryar ta maimaita. Ta sake maimaitawa karo na uku. Babu wanda ya motsa. Daga ƙarshe ta ce za ta sake kira bayan minti goma, layin ya yanke.

Gwaggo tana kallon wayar kamar ta ga wanda ya daɗe da mutuwa ya yi sallama.

"Wa ya gaya mata?"

"Wa ya gaya wa wa, Gwaggo?"

"Matar nan ta cikin waya. Wa ya gaya mata zancen taurari?"

Raliya ta ce babu wanda ya gaya mata, haka ciwon yake zuwa wa kowa.

Tsohuwar ta ajiye maficin a cinyarta. Da ta fara magana muryar ba irin ta ɗazu ba ce, kuma ba Raliya take kallo ba, ba ta kallon kowa.

Ta ce sunan uwar Talatu Hansai. Matar wanta ce, amma tun kafin nan ƙawarta ce, tare suke zuwa rijiya, tare aka yi musu kitson salla. Hansai ta fi shekara ashirin a ɗakin miji ba haihuwa. Da ta sami cikin fari haka ta kumbura, har awarwaro sai da aka kira maƙeri ya yanke. Aka ce zaƙi ne. Ita Gwaggo da hannunta ta haƙo saiwar, ta jiƙa, ta riƙa ba ta safe da yamma. Wata rana suna surfe Hansai ta ajiye taɓarya ta ce, ke, kin ga taurari da rana tsaka? Suka yi ta dariya.

"Kwana biyu tsakani ta faɗi a tsakar gida. Tana jijjiga, tana taune harshe, jini na fita ta gefen baki. Aka ce iska ce ta taɓa ta a gindin tsamiya. Muka yi hayaƙi. Muka yi tofi. Maza huɗu suka danne ta." Ta haɗiyi yawu. "Yarinya ta fito da ranta. Hansai ba ta ko buɗe ido ta gan ta ba."

Talatu ta ɗago kai. Wannan ne karo na farko da ta kalli wani ido cikin ido tun da ta fito.

"Gwaggo, ba zazzaɓi kuka ce mini ba?"

"Me za mu ce miki? Mu ce aljani ya kashe uwarki, wa zai aure ki?"

Gwaggo ta share ido da bakin mayafi, da ƙarfi, kamar mai jin haushin hawayen.

Ta ce shekara goma sha tara tana ɗauke da abin nan. Da aka aiko mata cewa Talatu ta kumbura, cewa ta yi shi ke nan, mutanen uwarta sun biyo ta. Ga gida duk manyan itatuwa, ga babu kowa nata. Shi ya sa ta bar gero a gona ta taho. So take in abin zai zo, ya zo yarinyar tana gabanta, kada a ce ta mutu a bayan gidan wasu.

Duk haushin da Raliya ta shigo da shi ya zube. Ashe ba taurin kai ne ya ɗaure jakunkunan nan ba, tsoro ne, kuma tsoron iri ɗaya ne da nata. Ta matsa ta zauna a gefen tabarmar, kafaɗarta na taɓa ta tsohuwar.

"'Yar nan, ki gaya mini tsakaninki da Allah. Abin nan yana da magani?"

"Yana da shi, Gwaggo. Allura ce da ƙwayoyi, sai ido a kanta har ta sauka. Na raka mata da jininsu ya fi wannan hawa, sun fito da 'ya'yansu a hannu. Ɗaya ma a Badawa take, 'yarta ta shiga firamare bana."

"Da an kai Hansai fa?"

Raliya ta dube ta. Akwai amsar da take gaskiya, akwai kuma tsohuwar da za ta kwana da amsar har ƙarshen ranta.

"Rai na Allah ne, Gwaggo. Ba ku da waya a lokacin, ba ku da mai gaya muku. Amma Talatu ga ta nan a gabanmu."

Wayar ta sake ƙara.

Ashiru ya kalli Raliya. Raliya ba ta motsa ba, duk da jikinta yana tsuma ta fizgi wayar ta danna da kanta. Ta san in ita ta danna, mota na zuwa za a koma gidan jiya.

Ashiru ya amsa kiran, ya janye hannunsa. Muryar ta yi sallama. Ta ce in lafiya a danna ɗaya.

Gwaggo ta miƙa hannu ta ɗauki wayar, ta riƙe ta nesa da fuska tana ƙanƙance ido.

"Ni ban san ƙirgan boko ba. Wanne ne biyun?"

Ashiru ne ya rarrafo, mutumin da bai taɓa zama tabarma ɗaya da surukarsa ba, ya ɗora yatsa kusa da madannin.

"Ga shi, Gwaggo. Na tsakiya, a sama."

Ta ce bismillahi, ta danna da babban yatsanta mai jan lalle, ta ci gaba da dannewa kamar kada ya kuɓuce.

Aka yi ɗan kiɗa. Sai muryar mutum ta gaske, da hayaniyar asibiti a bayanta. Raliya ta gane ta tun daga sallama, Sista Muhibba ce, nas ɗin da ke kan layin ranar Laraba. Cikin sauri ta gaya mata suna, da watanni, da lambar jinin. Muhibba ta ja numfashi ta ce a taho yanzu, za ta sa a shirya gado da allura. Sai dai motarsu ta fita ɗauko wata a Gawuna, ko ta juyo sai ta yi rabin awa. In akwai wata motar a kusa, kada a jira.

"Kafin nan ba ni mai cikin. Daga bakinta nake so in ji."

Ashiru ya yunƙura zai tashi ya ba su wuri.

"Zauna," in ji Gwaggo. "Kai ma ka ji. Gudun jin nan ne ya kawo mu nan."

Ya koma ya zauna.

Gwaggo ta kai wayar daidai bakin Talatu, ɗaya hannun ta dafa mata gwiwa.

"Yi magana, 'yar Hansai. Kunyar da muka yi a gidanmu ta isa haka."

"Talatu, ina jin ki," in ji Muhibba. "Me kike ji a jikinki? Kada ki rage komai."

Talatu ta buɗe baki, sai kuma ta damƙe tabarmar, ta runtse ido. Wannan karon Raliya ba fuskarta ta kalla ba. Cikin ta kalla, ta ga yadda ya dunƙule ya yi tauri a ƙarƙashin hijabi, ta ƙirga a ranta, ta tuna dafa ƙofar ɗazu, ta tuna gumin. Sau nawa ke nan tun zuwanta? Uku? Huɗu?

Abin ya lafa. Talatu ta buɗe ido. Muryarta ƙasa-ƙasa, amma kowa ya ji.

"Kaina kamar zai tsage, tun shekaranjiya. Ina ganin taurarin." Ta ja numfashi. "Kuma tun kiran assalatu marata take murɗawa. Yana zuwa yana tafiya. Na ce in na faɗa za a ce na cika raki."

Ta sunkuyar da kai tana kallon ƙasa. Su ma suka bi idonta. Ruwa ne yake gangarowa a kan siminti, ya ratsa ƙarƙashin silifas ɗin Ashiru ya nufi jarkar magani.

Daga bakin get aka danna hon, sau biyu, irin na tsohuwar Golf.

Gwaggo ta miƙe tsaye ba tare da ta dafa ƙasa ba. Ta zuge jakar bakko ta zaro zannuwa biyu kawai, ta ture sauran gefe da ƙafa.

"Ashiru, buɗe masa get ɗin duka, ya shigo har nan. Ka ce masa ba Gagarawa za shi ba."